Koyar da ilimin tattalin arzikin ƙasa a lise: waiwaye a kan tarihi

Gabatarwa

A daren 11 ga watan Janairu 1994, a birnin Dakar, aka ba da sanarwar karya darajar kuɗin Sefa. Kafin wannan dare, faran ɗaya na Faransa daidai yake da Sefa 50, wato dala goma a ƙirgenmu na kasuwa. Da gari ya waye ya koma Sefa 100, wato dala ashirin. Rediyo ta ce an rage darajar kuɗin da kashi 50 cikin 100, amma wanda ya je sayen maganin da ake kawowa daga Faransa, ko kayan gyaran mota, ya tarar farashi yana neman ninkawa biyu. Sai tambaya ta taso a rumfunan kasuwa da majalisun hira: shin hamsin aka rage, ko ɗari aka ƙara?

Tambayar ba ta fi ƙarfin ɗan kwaleji ba. Duk da haka, mu da ke karɓar sababbin ɗalibai a jami'a mun sha ganin wanda ya ci jarrabawar bak, ya iya jero dalilan durƙushewar kasuwar New York ta 1929 ɗaya bayan ɗaya, amma ya rasa bakin zaren wannan tambaya da ta shafi aljihun mahaifinsa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin fannin da Faransawa ke kira macroéconomie, wato ilimin tattalin arzikin ƙasa a dunƙule. Za mu duba inda ya samo asali, da yadda ya shiga makarantun sakandare, da abin da muka gada daga ciki. Abin da muke son nunawa shi ne, an gina darasin ne a kan tarihin waɗansu ƙasashe da irin masifar da ta same su, kuma ba zai zauna a kan ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba sai an fara masa daga tarihin ƙasarsa.

1. Inda ilimin ya samo asali

Tunani a kan dukiyar ƙasa ya daɗe. Tun a 1758 likitan fadar Faransa, François Quesnay, ya zana wani jadawali da ke nuna yadda dukiya ke zagayawa tsakanin manoma da masu filaye da masu sana'a. Amma fannin da muke magana a kai, a siffar da ake koyar da shi, ɗan shekarun 1930 ne. Bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a watan Oktoba 1929, masana'antu sun yi ta rufewa a Amurka da Turai, har ta kai a 1933 kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu a Amurka ba shi da aiki. Masana na lokacin sun saba cewa kasuwa za ta gyara kanta in an yi haƙuri. Aka yi haƙurin, gyara bai zo ba.

A 1936 Baturen Ingila John Maynard Keynes ya fitar da littafinsa a kan aikin yi da kuɗin ruwa da kuɗi. Jigon maganarsa shi ne, abin da ke da kyau ga gida ɗaya yana iya zama illa in dukan gidaje suka yi shi lokaci guda. Magidanci ɗaya da ya rage kashe kuɗi ya yi tanadi. In kuwa kowa ya rage, mai kanti ba zai sayar ba, masana'anta za ta sallami ma'aikata, waɗanda aka sallama su ƙara rage saye, abin ya yi ta zagayawa. A irin wannan hali, a ganin Keynes, gwamnati ce za ta shiga ta kashe kuɗi domin ta tayar da ciniki. Manominmu ya san makamancin wannan: wanda shi kaɗai gonarsa ta yi kyau ya samu, amma in kowa ya kai hatsi kasuwa da kaka, farashin tiya ya faɗi.

A daidai wannan lokaci aka fara auna dukiyar ƙasa da alƙaluma. A 1934 Simon Kuznets ya miƙa wa majalisar dattawan Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasar na shekarun 1929 zuwa 1932, kuma a 1953 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin lissafi na bai ɗaya domin ƙasashe. Daga wannan aiki ne aka samu ma'aunin da ake kira PIB, wato jimillar abin da ƙasa ta samar a cikin shekara. A 1948 Paul Samuelson ya wallafa littafin koyarwa wanda ya sanya ra'ayin Keynes cikin zane da lissafi mai sauƙi, kuma littattafan da suka biyo baya, da harsuna da dama, sun bi sawunsa. Ke nan tambayar da ta haifi fannin ita ce: me ya sa masana'antu ke tsaye alhali ga injuna ga ma'aikata? Ya kamata mu riƙe wannan, domin ba ita ce tambayar farko ta ƙasar manoma da makiyaya ba.

2. Yadda ya shiga makarantun sakandare

Da farko a jami'a kaɗai ake koyar da fannin. A Faransa, wadda tsarin karatunta muka gada, ya shiga lise ne a 1966, zamanin da Christian Fouchet ke ministan ilimi. Aka buɗe sabon reshe mai suna B, inda ake koyar da tattalin arziki haɗe da nazarin zamantakewa. Abin lura shi ne, cikin waɗanda suka tsara manhajar farko akwai masanin tarihi Charles Morazé da masanin labarin ƙasa Marcel Roncayolo. Niyyarsu ita ce a fara wa yaro daga abin da yake gani, kamar iyali da kamfani da jadawalin farashi da labarin jarida, sa'an nan a kai shi ga ƙa'ida. Ba su nufi horar da ƙananan ƙwararru ba, sun nufi ɗan ƙasa da zai fahimci muhawarar da ake yi a kansa. Reshen B ya koma ES a shekarun 1990, sa'an nan gyaran 2019 ya soke rassan gaba ɗaya, darasin ya zama wanda ɗalibi ke zaɓa a shekaru biyun ƙarshe na lise.

A Amurka hanyar ta bambanta. A can, daga 1989, aka fara wata jarrabawa ta wannan fanni ga ƴan sakandare masu son su riga su ci darasin shekarar farko ta jami'a, saboda haka zane da lissafi suka fi rinjaye. A Najeriya kuwa, tun ƙarshen shekarun 1960 tattalin arziki ya zama darasi mai zaman kansa a jarrabawar kammala sakandare ta Afirka ta Yamma, ya kuma shiga cikin darussan da ɗalibai suka fi ɗauka.

Hanyoyi biyu ke nan: wadda ke farawa daga ƙa'ida ta nemi misali, da wadda ke farawa daga abin da ya faru ta nemi ƙa'ida. Kowace tana da amfaninta. Sai dai ta farko tana ɗauka cewa misalan da ke cikin littafi sun yi kama da rayuwar yaro. In ba su yi kama ba, darasi ya zama hadda.

3. Abin da muka gada a Nijar

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Buƙatar gaggawa ita ce samun malamai da ma'aikatan ofis da na asibiti. Lise ta tsaya a kan rassan A da C da D, wato adabi da lissafi da kimiyya. Tattalin arziki bai samu reshe mai ƙarfi irin na Faransa ba. Wanda ya shiga reshen fasaha na G, kamar a lisen fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi, ya kan haɗu da lissafin kuɗi da sha'anin kasuwanci. Sauran ɗalibai kuwa ta ƙofar tarihi da labarin ƙasa suke leƙa fannin: rikicin 1929 a darasin tarihi, ƙarfin masana'antun Amurka da Tarayyar Sobiyet da Japan a darasin labarin ƙasa.

Ba ma cewa waɗannan darussa ba su da amfani. Abin da muke cewa shi ne, rikicin 1929 ɗin kansa ya iso nan, da wata fuska dabam. Farashin amfanin gona da ake fitarwa ya faɗi a duniya, kuɗi ya yi wuya a hannun talaka, amma gwamnatin mulkin mallaka ba ta sassauta haraji ba. Da farin ɗango da ƙarancin ruwa suka haɗu da wannan, sai aka yi yunwar 1931, wadda ta fi tsanani a yammacin ƙasar. Yaron da aka koya wa layin marasa aiki na birnin Chicago, ba a koya masa wannan ba, an ba shi rabin labari ne, kuma rabin da ya fi nisa da shi.

Tun a 1964 Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi suka a littafinsa kan ilimi a Afirka cewa makarantar da aka gada tana raba yaro da muhallinsa da harshensa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Amma wannan yunƙuri ya tsaya ne a firamare, bai kai ga darussan lise ba.

Rashin darasin bai hana tattalin arzikin ƙasa shigowa aji ba. A shekarun 1980 da 1990 ya shigo ta hanyar rage kuɗin tallafin ɗalibai, da cunkoson azuzuwa, da albashin malamai da ke yin watanni bai fito ba, da shekarun karatu da suka lalace ba a yi jarrabawa ba. A ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, ɗalibai sun fito zanga-zanga a Yamai a kan matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi, waɗanda ke da alaƙa da shirin gyaran tattalin arziki. Jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, ɗalibai uku suka rasu. Wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Kalmomin giɓin kasafi da bashin waje da sharuɗɗan FMI ɗalibai sun koye su ne a tarukan ƙungiyarsu da kan titi, ba a gaban allo ba.

4. Tarihinmu a matsayin littafin darasi

Idan muka dubi manyan babukan fannin, wato kuɗi da farashi, da abin da ƙasa ke samarwa, da kasafin gwamnati da bashi, da canjin kuɗi, za mu ga kowanne yana da nasa zamani a tarihin wannan yanki.

4.1. Wuri da hauhawar farashi

Kafin Sefa, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, har kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, bayan ya ratso Agadas da Tasawa da Katsina, ya tarar dalar azurfa ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Daga shekarun 1840, ƴan kasuwar Hamburg sun soma jigilar wani irin wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, jirgi bayan jirgi. Wuri ya yi yawa, kayan sayarwa ba su ƙaru daidai da shi ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 adadin wurin da ake bayarwa a kan dala ɗaya a Kano ya ninka ko kusa da haka, kuma ɗaukar kuɗin kansa ya zama nauyi ga fatake. Ga ƙa'idar yawan kuɗi da hauhawar farashi ke nan, ba tare da an je Jamus ta 1923 ba. Sunan waccan dalar azurfa ne ya koma kan kwabon faran biyar, shi ya sa har gobe muke ƙirga da dala.

4.2. Gyaɗa, ruwan sama da PIB

A shekarun 1950 da 1960 gyaɗa ce ƙashin bayan cinikin Nijar da waje. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta fara bin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Legas, daga baya Faransawa suka karkatar da wani kaso ta Parakou da Kwatano. A 1962 gwamnatin Jori Hamani ta kafa kamfanin SONARA domin ya riƙe cinikinta. Fari na 1968 zuwa 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan ciniki, manoma suka koma ga hatsi da wake.

A nan ne ɗalibi zai ga bambanci mafi girma tsakanin littafinsa da ƙasarsa. A ƙasar masana'antu, tattalin arziki ya kan durƙushe ne in saye ya ragu. A nan ya fi durƙushewa in ruwa bai sauka ba. A 1973, da kuma 1984, PIB na Nijar ya ragu da kimanin kashi 17 cikin 100 a shekara guda. Ƙara kuɗi a hannun mutane ba ya cika rumbu a irin wannan shekara, sai dai ya ɗaga farashin tiya in ba a shigo da abinci ba. Haka ma batun rashin aikin yi. Manomin da ya gama aikin damina ya tafi cin rani Kano ko Abijan ko Libiya, ma'aunin da aka ƙera domin ma'aikacin masana'anta ba ya kama shi yadda ya kamata. Sa'an nan akwai yawan jama'a: ƙidayar 1977 ta ba da mutum miliyan 5.1, ta 1988 miliyan 7.2, ta 2012 miliyan 17.1. Da waɗannan alƙaluma ɗan ajin farko na lise zai gane da kansa dalilin da ya sa PIB ke iya ƙaruwa amma rabon kowane mutum bai motsa ba.

4.3. Uraniyom, kasafi da bashi

An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, a Akuta kuma a 1978. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, farashin uraniyom ya hau, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya zama fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ƙasar ke fitarwa. Gwamnatin Saini Kunce, wadda ta hau mulki a watan Afrilu 1974, ta samu kuɗin da ba a taɓa gani ba. Aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka yi manyan gine-gine a Yamai, aka ɗauki ma'aikata, aka kuma ci bashi a bankunan waje bisa zaton cewa farashin zai ɗore. Bai ɗore ba. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, ƙasashe da dama sun rage shirin gina sababbin tashoshi, farashi ya faɗi, a daidai lokacin da kuɗin ruwa ya hau a kasuwannin duniya. Kuɗin shiga ya ragu, albashi da bashi suna nan. A 1983 Nijar ta ƙulla yarjejeniya da FMI, a 1986 ta karɓi rancen gyaran tattalin arziki daga Bankin Duniya.

Wannan zamani ne ya fi dacewa da gwada ra'ayin Keynes a kan kuɗin gwamnati. Littafi ya ce kuɗin da gwamnati ta kashe ya kan ruɓanya, domin albashin wani cinikin wani ne. Gaskiya ne, amma ruɓanyawar ta dogara ga yawan abin da ya tsaya a cikin gida. In ma'aikaci ya karɓi albashi ya sayi shinkafar Asiya da atamfar waje da babur ɗan Japan, kuɗin ya fita tun a zagaye na farko ko na biyu. Ƙa'idar ba ta faɗi ba, sai dai ta nuna sharaɗinta, kuma sanin sharaɗin ƙa'ida shi ne fahimtarta.

4.4. Naira da iyaka

Littattafan da aka rubuta a Faransa suna kallon ƙasa mai kuɗi ɗaya da iyaka mai tsaro. Ɗan Maraɗi da ɗan Ƙonni da ɗan Magarya sun taso da kuɗi biyu, kuma ƴan canji na bakin tasha ne ke faɗin farashinsu kowace safiya. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canja takardun naira ta kuma rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta faɗo a kan shekarar fari, har mutanen wannan yanki suka sa wa yunwar suna El-Buhari. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja a farashin gwamnati. Daga watan Satumba 1986 ta soma gangarowa, Sefa kuwa tana ɗaure da faran. Sakamakon haka, man fetur da sabulu da yadi da takin Najeriya suka yi araha a kasuwanninmu, ƙananan masana'antun gida suka kasa gogayya, shanu da waken Nijar kuma suka yi wa mai naira tsada. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsu a littafinsa na 1986, sun gina dukiyarsu ne a kan sanin wannan bambanci tsakanin kuɗi biyu da dokoki biyu.

5. Darasin Janairu 1994

Yanzu za mu iya komawa ga tambayar da muka fara da ita. An ƙirƙiro Sefa a watan Disamba 1945, kuma tun 1948 farashinta da faran bai canja ba, in ban da sauya ƙirge da Faransa ta yi a 1960. Daga tsakiyar shekarun 1980 farashin koko da kofi da auduga da uraniyom ya faɗi, faran kuma ya yi ƙarfi, ya ja Sefa sama tare da shi. Kuɗi ya yi ta gudu waje, har a watan Agusta 1993 aka daina fanso takardun Sefa da aka fitar daga yankin, waɗanda da yawansu ta Najeriya suke bi. A watan Satumba Faransa ta ce ba za ta ƙara cike giɓin kasafin ƙasar da ba ta daidaita da FMI ba. A watan Disamba Houphouët-Boigny na Kodebuwa, babban mai adawa da matakin, ya rasu. Bayan wata guda aka yi taron Dakar.

Lissafin kuwa ga shi. Da, Sefa 100 tana sayen faran biyu, yanzu ɗaya take saye: ta rasa rabin darajarta, kashi 50 ke nan. Amma kayan da ake sayarwa faran 100 a Faransa, wanda da jikka biyar ne, yanzu jikka goma ne: ƙarin kashi 100 ke nan. Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da gefen da mutum ya tsaya. Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ta fi zurfi: me ya sa tsadar rayuwa a Nijar a 1994 ta tsaya a kimanin kashi 36 cikin 100, ba ta kai ɗari ba? Domin hatsi da itace da hayar ɗaki da ladan ƙwadago ba daga waje suke zuwa ba. Da wannan ɗalibi ya koyi yadda ake haɗa ma'aunin farashi, kowane kaya da nauyinsa a cikin cefanen gida.

Tambaya ta uku ita ce wa ya samu, wa ya rasa. Ma'aikacin gwamnati ya rasa, domin ƙarin albashi bai kamo tsada ba. Bashin da aka ci da kuɗin waje ya ninka in an ƙirga shi da Sefa. Makiyayi ya samu, domin shanun Sahel sun sake samun kasuwa a biranen gaɓar teku, inda daskararren naman Turai ya riga ya mamaye. Mai albasar Galmi ma haka. Sai dai a ɓangaren Najeriya ribar ba ta daɗe ba: a 1994 gwamnati ta tsayar da dalar Amurka a naira 22, amma a hannun ƴan canji naira ta ci gaba da faɗuwa. Ke nan ƙasa tana iya karya darajar kuɗinta a gaban Paris, maƙwabciyarta ta cinye rabin amfanin. Babu littafin da aka rubuta domin ɗan Lyon da zai kawo wannan, amma ɗan Jibiya da ɗan Dan Isa sun gan shi da ido.

6. Harshe, malami da adalci

Akwai abubuwa uku da ya kamata a yi hattara da su.

Na farko, harshe. Yaro yana ƙirga da dala da jikka a gida, yana ƙirga da faran a aji. Kullum yana ninka biyar yana raba biyar, yana kuma juya naira zuwa Sefa in an aike shi. Wato ya san farashin canji a aikace tun kafin a gaya masa sunansa. Kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma doka ba ta ƙera kalmomi. Aikin sassan jami'a ne su daidaita yadda za a ce giɓin kasafi da kuɗin ajiyar waje da ma'aunin shige da fice, ta yadda malamin Tawa da na Damagaram za su faɗi abu ɗaya.

Na biyu, farawa daga tarihi ba watsi da ƙa'ida ba ne. Labari kaɗai ba ya koya wa yaro yin lissafi, kuma wanda bai iya karanta jadawali ba kowa zai iya ruɗinsa da alƙaluma. Kowane zamani da muka kawo a sama dole ya ƙare da ma'ana tsayayya da aikin lissafi. Kayan aikin suna nan: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Babban Bankin BCEAO suna wallafa alƙaluma, kuma aji yana iya rubuta farashin tiyar hatsi da canjin naira kowane mako daga kaka zuwa bazara, ya zana layinsa da kansa. Gani ya kori ji.

Na uku, adalci. Batun Sefa batu ne da ke tayar da jijiyar wuya. Masu kare ta suna nuni da cewa ɗaurin da aka yi mata da yuro tun 1999, a kan Sefa 655.957, ya sa hauhawar farashi ta yi sauƙi, alhali a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Masu sukarta suna cewa ɗaurin ya hana ƙasashen daidaita kuɗinsu da halin da suke ciki, kuma takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, inda aka rufe iyakoki aka toshe asusun gwamnati a Babban Banki har zuwa Fabrairu 2024, ya nuna cewa kuɗin tarayya yana iya zama makami. Aikin malami shi ne ya shimfiɗa hujjojin biyu da alƙalumansu, ya bar ɗalibi ya auna. In ya mai da aji dandalin ra'ayinsa, ya maye hadda da wata hadda.

Kammalawa

Mun ga cewa wannan fanni an haife shi ne domin amsa tambayar ƙasashe masu masana'antu a shekarun 1930, ya shiga lise a Faransa a 1966 da niyyar tarbiyyar ɗan ƙasa, a Nijar kuwa ya tsaya a gefen darussan tarihi da labarin ƙasa, alhali fari da faɗuwar uraniyom da bashi da karya darajar kuɗi suna taɓa ɗalibai kai tsaye. Shawararmu ita ce a jera darasin a kan shekaru uku na lise: kuɗi da farashi a shekarar farko, daga wuri zuwa Sefa, PIB da yawan jama'a da kasafin gwamnati a ta biyu, daga gyaɗa zuwa uraniyom, canji da bashi da cinikin waje a ta ƙarshe, daga 1984 zuwa 1994 da abin da ya biyo baya. Keynes da Kuznets su shigo a inda ake buƙatarsu, tare da tarihin da ya haife su.

A 2024 Nijar ta fara fitar da ɗanyen man Agadem ta bututun da ya bi ta Benin. Tambayoyin da aka yi a kan kuɗin uraniyom za su dawo: nawa za a kashe, nawa za a ajiye, nawa za a ranta a kan farashin da ba mu ne ke tsayar da shi ba. Waɗanda za su amsa su, a ofis ko a rumfar zaɓe, suna zaune a azuzuwan lise yanzu.